Ɗaki Mai Ƙafa Biyu

Ranar da aka sallame shi daga aiki, a ƙarshen watan Yuni na 2008, abokan biro sun haɗa masa ƴar walima suka ba shi agogo, sai ka ce wanda ya yi shekara 40 yana kallon agogon bango yana da sauran bukatar wani. Ma'aikacin gidan waya ne a wani ƙaramin gari kusa da Liyon, a ƙasar Faransa, shekarunsa 60 cif. Ya karɓi kyautar ya yi godiya, ya jefa ta cikin akwati. Kafin wata ya mutu ya kwashe abin da shi da uwargidansa suka daɗe suna tarawa, ya sayo karaban ta hannu, ya ɗaura ta a bayan motarsa.

Karaban ɗaki ne mai ƙafa biyu wanda ba shi da inji, mota ke jan sa kamar yadda jaki ke jan amalanke. Tsawon nasu bai kai mita 5 ba, amma a ciki akwai gadon mutum biyu, da teburin da ake naɗewa, da murhun gas, da ƴar tankin ruwa, da makewayin da bai fi faɗin tabarmar salla ba. Sunan ba baƙo ba ne ga mai karatu: da wannan kalma ce Faransawa ke kiran ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma da Fashi ɗaukar gishiri. Bambancin kawai, madugu yana fita don ya dawo da riba, shi kuwa wannan dattijo ya fita ne don ya kashe kuɗi da lokaci, abubuwa biyun da bai taɓa samu a tare ba tun yana saurayi.

Wannan sha'awa ba daga sama ta faɗo masa ba. A 1936 gwamnatin Leyon Bulum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako 2 a shekara tare da albashi, talakan da bai taɓa ganin teku ba ya ɗaura tanti a bayan keke ya nufi gaɓa. Hutun ya zama mako 3 a 1956, mako 4 a 1969, mako 5 a 1982. A wannan shekara ta 1982 ɗin ce kuma, zamanin Mitteran, aka yanke cewa mai shekara 60 yana iya ajiye aiki ya ci fansho. Dattijon namu ya tashi yana ganin maƙwabta suna jan karaban zuwa kudu kowane watan Agusta, su dawo bayan mako 3 da fatar da rana ta gasa. Abin da ya ƙudurta a ransa shi ne ya yi irin wannan tafiya ba tare da ranar komawa biro tana hura masa wuta ba. Ya kuwa tsallake da ƙyar, domin a 2010 aka ɗaga shekarun ritaya zuwa 62, a 2023 kuma aka yi dokar kai su 64.

Ƴanci ne, amma mai takardu. A Faransa karaban da nauyinta ya wuce kilo 500 sai ta sami lambarta da takardarta ita kaɗai, kamar wata mota dabam. In ta wuce kilo 750 sai an yi mata asurans nata. Parmin ƙaramar mota yana isa muddin nauyin motar da na karaban, in an haɗa, bai haura kilo 3,500 ba. Wannan duka bai dame shi ba, mutumin da ya tsufa cikin hatimi da sa hannu. Abin da ya ba shi wuya shi ne koyon tuƙi sabo yana da furfura.

Duk direban babbar mota ya san sirrin: abin da ake ja ba ya bin umurni in ana komawa da baya. Ka murɗa sitiyari dama, gindin karaban ya nufi hagu. Ka ƙara murɗawa kaɗan, ta lanƙwashe ta rungumi motar. Madubi ba ya nuna abin da ke bayan ɗakin, saboda haka dole wani ya sauka ya tsaya can baya inda direba ke hango shi, yana nuni da hannu. Wannan aiki uwargida ta ɗauka. A makonnin farko sun sha faɗa a gaban baƙi, shi yana ihu ta tagar mota, ita tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, har wata rana suka karya wa wani mai zango reshen itacen zaitun suka biya. Sannu a hankali suka ƙirƙiro yarensu: tafi buɗe yana nufin taho, dunƙule yana nufin tsaya, yatsa ɗaya sama yana nufin saura taki guda. Bayan shekara biyu suna iya cusa karaban tsakanin itatuwa biyu ba tare da an furta kalma ba, mutane na zaune suna kallo. Auren shekara 35 bai koya musu wannan fahimtar juna ba, sai ɗaki mai ƙafa biyu.

Ya koyi lodi kuma, bayan da iskar kwarin Ron ta taɓa kaɗa karaban a kan babbar hanya ta riƙa wutsiya hagu da dama har gumi ya jiƙa masa riga. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, daidai kan ƙafafun, ba a can ƙurya ta baya ba. In kuwa ta fara rawa, ba a taka birki da ƙarfi, sai a ɗaga ƙafa daga totur a bar ta ta huce.

Shekarar farko sun zagaya cikin Faransa. Daga ta biyu suka shiga sahun dubban tsofaffin Turai da ke gudun hunturu zuwa Maroko. Suna tashi a farkon Disamba, su tsallaka Ispaniya ta Partus, su bi gaɓar teku fiye da kilomita 1,000 har Aljeziras, ba sa wuce tafiyar rabin yini a rana. Daga nan jirgin ruwa ya haye da su mashigin Jibraltar, wanda a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, ya sauke su kusa da Tanja. Sai kudu: Rabat, Marakesh, Agadir, wani lokaci har Tiznit da Sidi Ifni. Bafaranshe yana zama kwana 90 a Maroko ba biza, duwan kuma tana barin motarsa wata 6. Lissafin kuɗin ma ɗan kasuwa zai yaba masa: abin da za su ƙone wajen ɗumama gida a Liyon cikin wata 3 yana biyan rabin tafiyar, kuma yuro guda, wanda a nan ya fi sefa 655, yana sayen dirhami 10 da ɗoriya, tumatir da kifi da lemo kuwa arha suke a kasuwannin Sus.

Kada mai karatu ya zaci rayuwar zango hutu ce zalla. Da asuba dattijon ke ɗaukar tukunyar makewayi ya kai ramin da aka tanada ya wanke, aikin da a gidansa bai taɓa sanin akwai shi ba. Ruwa da awo ake sha, gas yana ƙarewa tsakiyar girki, in an yi kwana uku ana ruwan sama mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa ba inda za a kai fushi. Amma da la'asar ana fito da kujeru a ƙarƙashin rumfa, tsohon malamin lakwal da tsohon makaniki da tsohuwar ungozoma su yi wasan jifan ƙwallon ƙarfe, ba mai tambayar wani muƙamin da ya riƙe. Yawancinsu sun koma kampin-kar, wato motar da ɗakin ke jikinta, suna yi masa ba'a cewa shi ɗan zamanin da ne. Yakan amsa cewa shi in ya kwance karaban ya sami gida da mota, su kuwa ko burodi za su saya sai sun tafi da gadonsu.

Akwai abubuwa biyu da wannan hanya ta nuna masa, waɗanda bai fita nema ba. Na farko a ƙasarsa ne. Faransa tana da mutanen da karaban ce gidansu tun kaka da kakanni, waɗanda hukuma ke kira mutanen tafiya. Dokar 1969 ta tilasta musu yawo da wani littafi da jandarma ke bugawa hatimi, ba a soke shi gaba ɗaya ba sai 2017. Dokar 2000 ta wajabta wa duk garin da ya wuce mutum 5,000 ya keɓe musu fili, amma sau da yawa filin a gefen juji ko bakin babbar hanya yake. Wata rana da dare ya yi musu a hanya, dattijon ya tsaya a bakin wani ƙauye, sai ga jandarma. Da suka haska fitila suka ga furfura da takardar fansho da adireshin gida, sai murya ta yi laushi, har da fatan a kwana lafiya. Karaban ɗin iri ɗaya ce da ta waɗancan. Abin da ya raba su shi ne shi yana da ƙofar da zai koma ya buɗe.

Na biyu a mashigin teku ne. Hanyar da yake bi zuwa kudu a Disamba, ita ce ma'aikatan Maroko mazauna Turai ke bi a watan Yuli, motoci maƙare da kaya har saman rufi. Ruwan da yake tsallakawa cikin awa ɗaya da rabi yana shan kofi, shi ne samarin Afirka ke shiga da dare a kwale-kwalen roba, wasu ba a sake jin labarinsu. Bai zama mai wa'azi ba saboda haka, ba kuma ya fasa tafiya. Ya dai daina cewa shi makiyayi ne, kalmar da abokan zangonsa ke son yi wa kansu kirari da ita. Makiyayi ciyawa ke tashinsa, ba marmari ba.

A tsakiyar Maris na 2020, saboda annobar korona, Maroko ta rufe iyakokinta, jiragen ruwa suka tsaya. Dubban masu irin motocinsu suka maƙale, wasu suka yi jerin gwano a hanyar Sabta da Tanja suna jiran ƙofar da ba ta buɗe ba. Su ba su yi gudun ba, suka zauna a zangonsu kusa da Agadir, mai zangon yana sayo musu cefane. A nan dattijon, yana da shekara 72, ya fara ƙirga ƙwayoyin maganin hawan jinin uwargida kowace safiya kamar mai ƙirga canji. Sai da aka shirya jiragen ruwa na musamman suka samu komawa, bazara ta riga ta shigo. Ƴarsu ta tarye su da kuka da faɗa, ta ce wannan ce ta ƙarshe. Suka yi shiru, domin sun riga sun biya kuɗin ajiye wurinsu na baɗi.

Ba su koma ba. Iyaka ta daɗe tana buɗewa tana rufewa, kafin ta daidaita kuma jikin uwargida ya ƙi. Ta rasu a kakar 2022.

Da Disamba ta kewayo ya yi abin da ya saba: ya duba iskar tayoyi, ya cika gas, ya jera gwangwanaye daidai kan ƙafafun. Ƴarsa ta roƙe shi, ya ce tafiyar ce za ta ɗebe masa kewa. Ya tuƙa yini guda lafiya lau, domin gaba ba ta da wuya. Da magariba ya isa wani zango kusa da iyakar Ispaniya, aka nuna masa wuri tsakanin shinge da wata mota. Ya sa giyar baya ya dubi madubi, ba kowa a inda ta saba tsayawa. Ya gwada sau ɗaya, karaban ta lanƙwashe. Ya gwada na biyu, ta nufi shinge. Wani saurayi ya taso da kyakkyawar niyya yana kaɗa hannu yana ihu, amma ba da yaren da dattijon ya sani ba. A ƙarshe suka kwance ta daga motar, mutum huɗu suka tura ta da hannu. Ya yi musu godiya, ya shiga ya rufe ƙofa, bai kunna fitila ba. Da safe ya juya arewa.

Dillalai sun zo taya karaban sau biyu, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ajiye ta a bayan gida ƙarƙashin itacen goro irin na can, ya ɗora ta a kan duwatsu don kada tayoyin su lalace. Jikokinsa suna kwana a ciki in sun zo hutu. Shi kuwa kowace safiya yakan bar gida mai ɗaki biyar ya tsallaka tsakar gida da butar kofi, ya buɗe ƴar ƙofar, ya zauna a gefen teburin da ya saba zama. Taswirar Maroko tana manne a bango, da hanyar da uwargida ta bi da jan alƙalami har Sidi Ifni, da wani ɗigo can ƙasa a Dahla, inda suka ce za su kai wata shekara.