Allon da ɗana ya haɗa a tsakar gida

Mu 'yan kasuwa, in muka ga sabon kaya, tambayarmu biyu ce: nawa ake sarowa, nawa ake sayarwa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina sayar da caja da batir da kayan waya a Accra, kuma dubban batura sun bi ta hannuna ban taɓa buƙatar buɗe cikin ko ɗaya ba. Yaran da muka haifa a Nima da Mamobi kuwa tambayarsu daban ce. Su so suke su san yadda aka yi abin.

Da ɗana na biyu ya gama sakandare yana jiran sakamako, niyyata ya zauna mini a shago. Sai ya zo da wata magana: yana so ya haɗa allon nan mai taya huɗu da samari ke zamiya a kai, wanda suke kira siketbod, amma nasa mai tafiya da lantarki. Ya ce, "Baba, wasan nan fa har gasar Olamfik ya shiga a Tokyo a 2021, kuma a shekarar aka buɗe masa fili na musamman a nan Accra." Na ce duk na ji, amma kuɗin daga jarina za su fito, don haka bashi ne, kuma da sharaɗi uku: zai yi mini bayanin kowane abu kafin a saya, ba za a yi caji a ɗakin kwana ba, kuma babu hawa sai da hular kwano.

Sharaɗin farko ya mayar da ni ɗalibi. Ashe batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan batura ne da ake kira 18650, saboda kaurinsu milimita 18, tsawonsu 65. Kowane ɗaya yana ba da wajen volt 3.6, in ya cika ya kai 4.2. Ya jera goma a layi ya samu volt 36, ya yi layi biyu don ya daɗe, batir ashirin ke nan. Wani abokinsa ya kawo shawarar a ciro na tsofaffin kwamfutoci don a rage kuɗi. Yaron da kansa ya ƙi. Ya ce irin waɗancan ba a yi su don jan wuta mai yawa ba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, mai rauni a cikinsu shi zai fara zafi. Ya kuma ƙi liƙa su da dalma, don zafin ƙarfen yana lalata su. Ya kai wa wani mai gyara da ke da na'urar walda ta ɗigo, aka haɗa su da siririn ƙarfen nikel. Sannan ya sa wani ɗan faranti da ake kira BMS, wanda ke daidaita caji ya hana kowane batir wuce iyakarsa.

Wayoyi da makunni da fis mun samo su a Zongo Lane. Injin da na'urar da ke sarrafa shi da rimot ɗin hannu sai da muka yi oda, wani ɗan'uwa mai zuwa Guangzhou ya sako mana a kayansa. Injin ƙarami ne, bai fi gwangwanin madara girma ba. Bel ke ɗaukar ƙarfinsa zuwa tayar baya, daga ƙaramin gare mai haƙori 15 zuwa babba mai 36, don a rage gudu a ƙara ƙarfin ja.

Wadda ta fi kowa damuwa mahaifiyarsa ce, kuma da gaskiyarta. Gidan haya muke, iyali takwas a tsakar gida ɗaya. Wutar irin wannan batir in ta tashi tana da wuyar kashewa, kuma tana iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Ta ce masa, "Kai dai kada ka ja mana abin da za mu kasa kallon maƙwabta." Shi ya sa har yau ake cajinsa da rana, a kan siminti, nesa da katifa da tukunyar gas, kuma da mutum a kusa. Ko an ɗauke wuta aka dawo da ita da dare, sai gari ya waye.

Wata uku aka yi ana wannan aiki. Ranar gwaji, wata Lahadi bayan sallar asuba, muka je wani fili mai kwalta da babu motoci. Ya yi zagaye biyar, sannan ya miƙo mini rimot ya ce, "Baba, bisimilla." Na naɗe jallabiya, na sa hular, na hau. Ya ce in lanƙwasa gwiwa, in karkata gaba kafin in danna. Abin ya ja ni a hankali, shiru, sai ɗan kukan bel. Ban wuce gudun mai keke ba, amma ƙafafuna rawa suke, ina jin kowane tsakuwa a tafin ƙafata. Rabona da irin wannan dariya tun ina yaro muna tura gare-gare.

Allon yana da iyakarsa. Ƙaramin dutse na iya tsayar da taya ya wurgar da mutum, saboda haka ba ya shiga titin Nima tsakanin trotro da kwatoci, ba ya fita cikin ruwa. Birkinsa injin ne da kansa, yana mayar da wuta cikin batir, don haka in batir ya cika maƙil aka fara da gangara, birki na iya ƙin kamawa. Batirin kuma ya kai awon wat-awa 180, ya wuce 160 da jiragen sama ke yarda fasinja ya ɗauka, saboda haka da muka je gida bikin ƙanwata a nan muka bar shi.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na rubuto. Masu shagunan layinmu suka fara kawo masa fitilun sola da ma'ajiyar wuta ta waya da suka mutu. Na ba shi tebur a gefen shago. Kayan da a da nake zubarwa, yanzu yana buɗewa ya auna ya gaya mini wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun san yadda jari ke narkewa: kuɗi ya faɗi, kasuwa ta yi gobara, a rufe iyaka. Abin da hannu ya iya yana bin mai shi duk inda ya koma.

In naku ya zo da irin wannan magana, ku zaunar da shi ya yi muku lissafi, ku kafa sharaɗi, ku rubuta bashin. Nawa ya biya rabi daga kuɗin gyara, saura rabi ya ce kafin babbar sallah.