Takardar Saki Ba Ta Rage Miki Daraja Ba

Aminiyata,

 Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan Zariya lafiya lau, sai dai sanyin hunturu da ya shigo mana da ƙarfi bana.

Na saurari saƙon muryar da kika turo mini. Ban kira ki ba don na san mu biyu: in muka yi waya, kuka kawai za mu yi ta yi, maganar ba za ta fito ba. Shi ya sa na zauna na rubuto. Ba sakin ne ya fi tayar mini da hankali ba. Abin da ya hana ni barci shi ne inda kika ce tun da takardar nan ta zo hannunki kina jin ba ki da sauran amfani a duniya.

Haba ƙawalli! Mijin ne ya halicce ki? Kin tuna hadisi na 4 a cikin Arba'una, wanda muka haddace a Islamiyya, ruwayar Abdullahi bin Mas'ud? A can ne muka koyi cewa tun kina cikin cikin Inna aka aiko mala'ika ya busa miki rai, aka rubuta arzikinki da ajalinki da aikinki. A lokacin baban yara bai san za a yi wata ke ba. Kuma aya ta 70 a Suratul Isra'i, inda Allah Ya ba da labarin cewa Ya karrama 'yan Adam, ba ta gindaya sharaɗin igiyar aure ba. Karamcin da Allah Ya yi miki bai biyo ta hannun miji ba, balle a ce ya tafi da shi ranar da ya rubuta takarda.

Ina so ki ɗauko Alƙur'ani mai fassarar Hausa, ko ta Malam Abubakar Gumi ce, ki buɗe Suratuɗ Ɗalaƙ, sura ta 65. Ayoyi 12 ne kacal, kafin shayi ya huce kin gama. Kin san alƙawarin nan da kowa ke jawowa idan kasuwa ta tsaya ko an rasa aiki, cewa mai tsoron Allah zai sami mafita, kuma arziki zai zo masa ta inda bai yi zato ba? To, a nan yake, ƙarshen aya ta 2 da farkon ta 3, a tsakiyar hukuncin saki da idda. Wato a daidai wurin da mace ke ganin ƙofofi sun rufe mata, a nan Allah Ya ajiye wannan alƙawari. Ayar farko ma da nuni ta ƙare, cewa mutum bai san abin da Allah zai haifar bayan wannan ba. Aya ta 7 ta rufe da bushara ta sauƙi bayan tsanani. In kin gama, ki leƙa aya ta 130 a Suratun Nisa'i, inda aka yi alƙawarin cewa idan ma'aurata suka rabu Allah zai wadata kowannensu daga yalwarSa. Kowannensu fa, ba namijin kaɗai ba.

(Af, tunda maganar surar ta zo: a cikinta ne aka ce mace ta yi iddarta a ɗakinta, kuma uba ya ciyar gwargwadon halinsa. Mu ne muka mai da shi al'ada a kwaso kaya tun ranar. Kada kunya ta hana ki barin Yaya ya yi magana a kan abincin yaran nan da kuɗin makarantarsu. Haƙƙinsu ne.)

Na san bakin mutane ya fi ciwo. Na san waɗanda za su zo jaje su fita suna cewa kin kasa zaman aure, da masu kiran "bazawara" kamar zagi. Ki tambaye su, a cikin matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, su nawa ya aura suna 'yan mata? Nana A'isha ce kaɗai. Nana Zainabu bint Jahshi sakinta aka yi, aurenta da Zaidu bin Harisa bai ɗore ba, amma ta zama uwar muminai. Mai sana'ar hannu ce, tana jima da ɗinkin fata, abin da ta samu ta rabar wa mabukata, har Nana A'isha da kanta ta yaba mata a kan yawan sadaka.

Ban ce kada ki yi kuka ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Amma in rashin barci da ƙin cin abincin nan suka ci gaba, ki bari a kai ki ga likita. Wannan ma neman mafita ne.

Sai maganar me za ki yi da kanki. Ni ban yarda Allah Ya ba ki wannan tajwidi da wannan haƙurin koyarwa don su zauna a ɗaki ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru da matan karkara ne. Jajinsu, wato shugabarsu, za ta jagorance su zuwa wurinta, su ɗauki karatu, su koma su koyar da 'yan uwansu mata a gidaje, waɗanda ba su da hanyar zuwa makaranta. Irin matan nan suna nan a layinku, wasu ko Fatiha ba su gyara ba, suna jin nauyin tambaya. Ki fara da biyu ko uku bayan la'asar, a tsakar gidan Inna. Keken ɗinkinki kuma kada a bar shi a can, ki sa a ɗauko tare da sauran kayan ɗaki. Ni ce mai kawo ɗinki ta farko, ina da atamfa tun ta sallah a ajiye.

Ranar Asabar in sha Allahu ina tafe, zan kwana. Kafin nan ki karanta surar nan, don zan tambaye ki, kuma don Allah ki riƙa cin abinci ko kaɗan ne. Ki gaida Inna da Yaya, ki shafa mini kan yara. Maigida ma yana gaishe ku, ya ce Allah Ya sa hakan shi ne mafi alheri.

Wassalam,
Taki har kullum,
Aminiyarki