Ɗumin Da Ya Ƙi Isa Ɗakin Tsohuwa

A Jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, hunturu kan sa ruwa ya daskare cikin bututun famfo. A shekarar 2022, lokacin da fiye da rabin gidajen jihar suka dogara ga mai wajen ɗumama ɗakuna, sai galan ɗaya ya haura dala 5, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Tsadar nan ce ta sa wani kafinta da ke zaune tare da mahaifiyarsa ya sayo murhun da ke cin ƙwayoyin garin katako.

Su dai ƙwayoyin nan garin katako ne da aka busar, aka matse, kaurinsu kusan milimita 6 ne, ana kuwa sayar da su a buhuna masu nauyin kilo 18. Akan zuba su a rumbun da ke bayan murhu, wani ƙarfe mai murɗiya ya riƙa tunkuɗo su kaɗan-kaɗan zuwa cikin wuta, hayaƙi ya bi bututunsa ya fice waje, fanka kuma ta huro ɗumi cikin ɗaki. Kafinta ya kafa nasa a falo. Kafin dare ya raba falo ya kai digiri 26, alhali kuwa ɗakin tsohuwa, da ke ƙarshen doguwar baranda, yana kan 14, ga ta da ciwon gaɓoɓi, tana ƙudundune cikin barguna uku.

Dabarar da ta fara zo masa ita ce wadda kan zo wa kowa. Ai gidan yana da bututun iska na tsohon injin mai, wanda ya ratsa kowane ɗaki. Me zai hana ya kunna fankar injin kaɗai, ta zuƙi ɗumin falo ta raba? Ya kunna. Da safe tsohuwa ta ce masa, "Ɗana, wace irin iska ce ka sakar mini cikin dare?"

Laifin ba na bututu ba ne, lissafin ne bai fita ba. An yi bututun ne domin iskar da injin ya gasa har ta kai kusan digiri 50, wadda ko ta yi asara a hanya za ta isa da sauranta. Ita kuwa iskar falo, da ɗan abin da ta ɗauko, sai ta bi ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, ƙarfe ya shanye mata ɗumi, ta fito salam. Iska mai motsi kuma, in ba ta fi jiki ɗumi ba, sanyaya shi take yi. Har ya yi niyyar huda sabuwar kafar zuƙa dab da murhu, wani maƙwabcinsa mai aikin injinan ɗumama gida ya hana shi. Ya ce ƙa'idar gini kan nemi tazarar ƙafa 10, domin zuƙa mai ƙarfi tana iya janyo gurɓatacciyar iskar wuta, wadda ba ta da wari, ta kai wa mai barci har gadonsa. Duk wanda ya san yadda kaskon garwashi ke halaka mutane a rufaffen ɗaki ya san abin da ake gudu.

Maƙwabcin ya ara masa 'yar ƙaramar fanka, ya ce ya ajiye ta ƙasa a bakin ƙofar tsohuwa, ta fuskanci falo. Kafinta ya ga kamar an juya abin baya, amma ya bi. Ashe iska mai sanyi ta fi nauyi, a ƙasa take kwanciya, kuma ta fi daɗin turawa. Da fanka ta kora ta wajen murhu, sai mai ɗumi ta biyo ta saman ƙofa ta cike gurbinta. Ya manna tsinken takarda a saman ƙofar, ya ga yana karkata zuwa cikin ɗaki.

Bayan kwana biyu ma'auni ya nuna 19, tsohuwa ta ajiye bargo ɗaya. Injin mai dai bai cire shi ba, ya kuma sayo ƙaramin janareto, don murhun nan da lantarki yake aiki, kuma a Maine dusar ƙanƙara kan karya rassa su tsinke wayoyi.