Bindigar Fari: Daidai Daji, Daidai Harsashi

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, ciyawa ta bushe, hankalin samarin Sara da ƙauyukan Gwaram sai ya koma kan farauta. A lokacin ne wanda ya ɗan tara kuɗi yake zuwa wurin manya yana tambaya, "Baba, wace bindiga ce ta fi ƙarfi, wacce ta fi cin nisa?" Mu da muka manyanta mun san tambayar a baibai take. Bindigar fari ana zaɓenta ne gwargwadon naman da ya rage a daji da kuma mutanen da ke bayan naman. Wanda ya auna waɗannan biyun da gaskiya zai ga cewa mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa mata harsashi guda, ta ishi ɗan koyo, kuma duk abin da ya wuce ta nauyi ne ya ɗora wa kansa.

A fara da naman. Dajin da kakanninmu suke ba da labari, mai ɓauna da gwanki, garma ta cinye shi. Abin da maharbi yake gamuwa da shi yau tsakanin Sara da Birnin Kudu bai wuce zabon daji, makwarwa, hasbiya, zomo da gafiya ba, in an yi sa'a a ga gada. Manyan namun da suka tsira sun koma gandu irin su Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, da Lame-Burra a jihar Bauchi, kuma can harbi laifi ne. To duk ƙananan namun da na lissafa ana samun su ne a tazarar taku talatin zuwa arba'in, daidai inda ƙananan ƙwayoyin dalma suke aiki. Harsashi mai lamba 12, wanda ya fi kowanne samuwa, idan an cika shi da ƙwaya mai lamba 5 ko 6, yana kayar da zabo ba tare da ya yi kaca-kaca da naman ba. A lura, a wajen ƙwaya, yawan lamba shi ne ƙanƙanta: mai lamba 6 ta fi mai lamba 2 ƙanƙanta, ta kuma fi ta yawa a cikin kwanso. Wanda ya harbi makwarwa da manyan ƙwayoyi, ko ya kuskure ta, ko ya tsinci gashi.

Sai mutanen da ke bayan naman, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gwaram kaɗai tana da mutum sama da 270,000, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. Babu kurmin da za ka tsaya ka rantse cewa bayansa babu makiyayi, ko mai itace, ko yaro da aka aika gona. Ƙaramar ƙwayar dalma tana rasa ƙarfinta cikin 'yan ɗaruruwan taku ta faɗi ƙasa. Harsashin raifal kuwa, ko da ɗan mitsitsin nan mai lamba .22 da ake rainawa, yana iya tafiyar sama da kilomita ɗaya da rabi, manyan kuma sun ninka haka. A ƙasarmu mai duwatsu yakan daki fa ya karkace ya nufi inda mai harbi bai taɓa nufa ba. Ɗan koyo dole zai kuskure, haka koyo yake. Abin da ya kamata shi ne a ba shi makamin da kuskurensa zai ƙare kusa, domin hanya daga daji zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu tana da tsawo ga mai zubar da jini.

Wani zai ce harsashi ɗaya rak, in ka kuskure shi ke nan, nama ya tafi. Haka ne, kuma amfanin ke nan. Mai harsashi ɗaya yana koyon sanɗa, yana koyon karanta iska da sawu, yana jira sai ya tabbatar kafin ya taɓa kunama. Mai harsashi biyar a ciki yakan yi harbin farko da gaggawa don ya san akwai na biyu, ya bi nama da bakin bindiga yana juyawa, alhali a farautar taro abokinsa yana gefe da karnuka. Akwai kuma wata fa'ida da ido ke gani. Mai baki ɗaya in an karya ta an rataya a hannu, kowa daga nesa ya san ba za ta tashi ba. Kafin a sa harsashi sai a ɗaga ta sama a leƙa ta baya: in haske ya fito zagaye sarai, lafiya lau, in ya dushe, to laka ko gidan zanzaro ya toshe bakin, kuma harbi a haka yana iya fasa ƙarfen a hannun mai shi.

Wani kuma zai ce ai bindigar toka ce gadonmu, ga araha, ga maƙeri a kusa. Ban raina ta ba, da ita iyayenmu suka ciyar da gidaje. Amma ta gwani ce. Mai ɗura ta shi yake auna albarushi a tafin hannu, ya zuba, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya bi da dalma, ya sake toshewa. In hannu ya yi nauyi, ko ya manta ya ɗura sau biyu a cikin hayaniyar farauta, babu abin da zai nuna masa sai sandar da ta ƙi nutsewa zuwa inda ta saba, kuma sabon shiga bai san inda ta saba ba. In kuwa da bututun ruwa aka ƙera bakin, an yi shi ne don famfo, yana da ɗinki a jikinsa, nan ne yake tsagewa. Wanda ƙarfinsa bai kai ga ta kamfani ba, ya ɗauki ta toka a hannun dattijon da ya san maƙerinta, ya koyi awo a gabansa, kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya don burge abokai.

Hujjar da ta fi ƙarfi ga masu son babbar bindiga ita ce ta tsaro. Dajin Balmo yana nan kusa da mu ta ɓangaren Bauchi, kowa ya san irin labarin rashin tsaro da ya fito daga cikinsa, kuma gaskiya ne mafarauta sun taimaka wa hukuma a wurare da dama. Sai dai waɗanda suka yi wannan aiki manya ne da suka shekara suna shiga daji, a ƙarƙashin Sarkin Baka, da sanin jami'an tsaro. Yaron da bai iya kayar da zabo ba, babbar bindiga ba za ta mayar da shi mayaƙi ba, sai dai ta sa ɓarayi su yi kwaɗayin abin da ke kafaɗarsa. Ga kuma doka. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku: na yaƙi, har da raifal mai harsashi 7.62 da .303, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta toka ma sai da takardar Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mai shaye-shaye. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda haka tambaya a ofis tana gaba da ciniki. Kisan gillar da aka yi wa mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 zalunci ne da babu abin da zai wanke shi, amma ya nuna mana yadda baƙon ido yake kallon bindiga a yau, ko da ta toka ce.

Saboda haka shawarata ga ɗan da yake son sana'ar nan ita ce ya yi rani ɗaya ko biyu yana bin manya da gora da kare, yana ɗaukar musu nama, har Sarkin Baka ya shaida natsuwarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya nemi takarda, ya sayi mai baki ɗaya wadda gindinta ya zauna masa a kafaɗa, ya gwada ta a jikin kwali a taku talatin ya ga yadda ƙwayarta take bazuwa. Ya ajiye bindiga dabam, harsashi dabam, inda hannun yara ba ya kai. In ya shekara biyar yana dawowa da nama ba tare da ya firgita kowa ba, a lokacin ya isa ya yi maganar wata bindigar, kuma galibi zai tarar ba ya bukatarta.