Wane Irin Keke Ne Zai Iya da Hanyoyin Badun?

  Yau zancen keke zan yi mana. Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damunmu a rasa abin tattaunawa sai keke, to amma duk wanda yake biyan kuɗin mota daga aljihunsa ya san cewa tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafi ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa ba kusa ba. Abokaina uku ne suka tambaye ni a 'yan kwanakin nan irin keken da ya kamata su saya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani gaba ɗaya, ko Allah zai sa wani ma ya amfana.

A Sabo nake zaune, kusa da Mokola. Mahaifina yana sana'ar wake da albasa, ni kuma aikina shi ne zirga-zirga: karɓo kuɗi wajen abokan ciniki a Bodija, duba kaya a Sasa, wani lokaci har Akinyele, inda da yawa daga cikin mutanenmu suka koma bayan rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021. Idan aka haɗa kuɗin ɗan acaɓa da na 'yan ƙananan tasin nan Micra a wata guda, wallahi ya isa ya cinye ribar buhu da dama. Wannan ne ya sa keke ya zama mini kayan aiki, kamar yadda mudu da sikeli suke a wajen Baba.

Abu na farko da ya kamata ɗan Arewa ya fahimta shi ne, hawan keke a gida daban, a nan daban. A Kano ko Katsina ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, damina gajera ce, kuma kusan kowace unguwa akwai mai gyaran keke a gindin bishiya. Iyayenmu sun yi zamani da Raleigh, wanda asalinsa daga birnin Nottingham na Ingila yake, har masana'antar harhaɗa shi aka taɓa yi a Kano, sannan ga Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya. Waɗannan kekuna ƙarfi gare su kamar jaki, ka ɗora musu buhu su ɗauka. Amma nauyinsu ya kai wajen kilo 20, kuma giya ɗaya tak gare su. Badun kuwa gari ne na tuddai. Wanda ya taɓa hawa tudun Mokola, ko Oke Are inda hasumiyar Bower take tun 1936, ya san abin da nake faɗa. Ga damina mai tsawo, wadda takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, ruwa ya yi ta cin gefen kwalta yana buɗe ramuka. Ga kuma ƙarancin masu gyara, domin keke bai zama ruwan dare a nan kamar gida ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ma ta canza.

To wane keke ke nan? A cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su, waɗanda 'yan uwanmu Yarbawa ke kira tokunbo, za ka ga masu lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere. Mutane na ɗauka duk iri ɗaya ne, alhali kashi biyu ne. Akwai na tsere zalla, wanda aka ƙera don gudu a kan lafiyayyar kwalta: kansa yana ƙasa sosai, tayarsa siririya ce kamar yatsa, mahayi sai ya duƙa kamar mai ruku'u. Akwai kuma na doguwar tafiya, wanda a ido suke kama, amma kansa ya fi tashi sama, ya fi kusa da mahayi, tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya ta fi tsawo, kuma yana karɓar taya mai kauri. Shi wannan na biyun yana da tarihi. A ƙasar Faransa akwai wata gasa da ake yi tun 1896 daga wajen Paris zuwa garin Roubaix, wadda wani ɓangare nata ake bi ta tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, masu girgiza mutum har haƙori. Irin wannan hanya ce ta sa kamfanoni suka fara tunanin keken da zai yi gudu ba tare da ya karya mahayinsa ba. Kamfanin Specialized ya fito da nasa a 2004 ya sa masa suna Roubaix, Trek ya fito da Domane a 2012, Giant yana da Defy, Cannondale yana da Synapse. Na kawo sunayen ne don idan ka gan su a jikin keken gwanjo ka gane irinsa, ba don in ce lallai sai su ba.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, daɗin keke a hanya mai gargada yana cikin taya ne kafin komai. Tun da John Boyd Dunlop ya fito da tayar iska a 1888, iskar da ke cikin taya ita ce katifar mai keke. Tsofaffin kekunan tsere suna zuwa da taya mai faɗin milimita 23, wadda sai an cika ta tam kamar dutse, wajen awo 100 a ma'aunin famfo, in ba haka ba da zarar ka faɗa rami bakin wili zai matse tib ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Taya mai tauri haka kuwa duk wani tsakuwa sai ka ji shi a wuyan hannu da ƙashin baya. Taya mai milimita 32 ta fi ɗaukar iska, don haka za ka iya rage mata tauri, ta riƙa shanye girgizar da jikinka ne zai sha. Ni nauyina bai wuce kilo 70 ba, nakan sa wajen awo 60, kuma ban ga gudun ya ragu ba, sai ma ƙaruwa a hanyar burji, tun da keken ba ya tsalle-tsalle. Saboda haka kafin ka tambayi sunan keke, sunkuya ka duba sararin da ke tsakanin taya da ƙarfen da ke kewaye da ita. Idan ba zai karɓi aƙalla milimita 28 ba, bar shi, komai kyansa. Idan zai karɓi 32 ko 35, ka yi dace. Kuma ka lura, mai faci na bakin titi ya saba da tayar babur da mota, in ka ƙyale shi sai ya dura maka iska har taya ta zama ƙarfe. Ka mallaki famfonka.

Na biyu shi ne tsawon keken ya dace da jikinka. Takalmi mai tsada in ya matse ka ba shi da amfani, haka ma keke. Ka tsaya a kansa ƙafafunka biyu a ƙasa, ya zama akwai ɗan sarari tsakaninka da ƙarfen sama. Ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa: in ƙafarka ta miƙe daidai, tsayin sirdin ya yi. Ka kama kai, gwiwar hannunka ta ɗan lanƙwashe, kada ka ji kana miƙa kamar mai ɗauko abu daga kan rumfa. Kada kuma sirdi mai laushi kamar matashi ya ruɗe ka. A tafiyar minti goma yana da daɗi, a tafiyar awa biyu sai ya nutse ya riƙa goge maka cinya. Sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya yi daidai da mazauninka ya fi. Waɗannan duk ba abin da mai sayarwa zai gaya maka ba ne, jiki magayi.

Na uku, wanda a ganina ya fi shafar baƙo irina, daga Baba na samo shi. Lokacin da na je masa da maganar sayen keke, bai tambaye ni kuɗinsa ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, in ya lalace wa zai gyara maka?" Na ce, "Baba, ai sabo-sabo ne, da ƙyar zai lalace." Ya ce, "Duk abin da ke da ƙafa yana tuntuɓe. Ka fara sanin mai gyara, sannan ka yi ciniki." Wannan magana ita ce ma'aunina har yau. Gangar jikin keke iri uku ce a kasuwa. Akwai ta ƙarfe, mai ɗan nauyi, amma in ta tsage mai walda na kan titi zai iya ɗinke maka ita ka isa gida. Akwai ta alminiyam, mara nauyi, ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin ruwa, sai dai in ta tsage ba kowane mai walda ne zai iya da ita ba. Akwai kuma ta zaren kabon, wadda manyan 'yan tsere ke hawa, ga sauƙi kamar kara, amma tana iya samun rauni a ciki ba a gani daga waje, ga shi kai ba ka san irin faɗuwar da ta sha a hannun mai ita na farko a Turai ba. A gwanjo, ni dai ba na ba kowa shawarar kabon. Ƙarfe ko lafiyayyen alminiyam sun ishe mu.

Haka zancen yake a kayan gyara. Yawancin waɗannan kekuna suna amfani da wilin da ake rubuta 700C a jikinsa. Wani mai shago zai miƙo maka tayar inci 28 irin ta Raleigh ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Duba ƙananan lambobin da ke gefen taya: ta 700C za ka ga 622, ta tsohon keken iyayenmu kuma 635, kuma wannan bambanci na milimita 13 ya isa ya hana ta zama. Bawul ma haka, siririn nan na kekunan tsere ba ya shiga famfon mai faci sai da ɗan wani ƙarfe da ake ɗaura masa, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma rashinsa zai sa ka tura keke tun daga Moniya. Ka ƙirga wayoyin wili, 32 ko 36 sun fi jure rami, in ɗaya ta tsinke sauran za su riƙe ka. Birki mai faifai ya fi kamawa cikin ruwan sama, kuma yakan ba taya mai kauri wuri, amma ka zaɓi mai aiki da waya, domin mai aiki da mai in ya yi iska sai ka nemi mai gyaransa da fitila. Giya kuwa, saboda tuddai, nemi wanda ƙaramin faifansa na gaba yake da haƙora 34, babban na baya kuma 32 ko 34. Da wannan za ka hau tudun Mokola a zaune, kana numfashi kamar mutum.

Idan ka je ciniki, tafi da rana, kada ka sayi keke da magariba. Bi duk mahaɗar ƙarfe da ido da yatsa ko akwai tsaga ko inda fenti ya tattare. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa. Kama birkin gaba ka girgiza keken, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya ci. Duba ko akwai 'yan ramukan ɗaura kariya da madigadi, domin jakar baya a doguwar tafiya ita ce ke kawo ciwon kafaɗa, gara keke ya ɗauki kayan. Sannan kada ka kashe duk kuɗinka a kan keken. Ware wani abu don sababbin tayoyi, tib biyu, kayan faci, fitila gaba da baya, kwaɗo mai ƙarfi da hular kwano. Keke mai matsakaicin kuɗi da taya mai kyau ya fi mai tsada da taya ruɓaɓɓiya, kodayake dai araha ba ta ado.

Akwai abin da keke komai kyansa ba zai yi maka maganinsa ba, wato sauran masu amfani da titi. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, har wata bas ta ture shi ya faɗa lambatu. In minista bai tsira ba, ina ga ɗan mai wake? Don haka nakan fita da sassafe bayan asuba kafin titi ya cika, nakan kauce wa manyan hanyoyin da tirela ke bi in akwai ta cikin gari, kuma ba na barin dare ya same ni a waje. Baƙo a garin mutane ya fi kowa bukatar ya koma masaukinsa da wuri, musamman in yana ɗauke da kuɗin da ba nasa ba.

Wasu cikin samarinmu na nan suna jin kunyar a gan su a kan keke, wai za a ce kasuwa ta karye. Ni abin da na gani shi ne kuɗin motar da nake ajiyewa duk wata, da kuma yadda nake isa Bodija a lokacin da masu tasi ke tsaye cikin cunkoso. Wanda ya baro gida ya zo neman halal ba shi da lokacin wannan kunyar.

Wanda yake da ƙarin bayani, musamman 'yan uwa na Legas, Inugu da Fatakwal, ina son jin yadda hanyoyinku suke da kuma inda kuke samun kayan gyara. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a neman da muke yi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.