Daga Dawce zuwa gaɓar Korama a kan tsohon babur

Nijar ba ta da teku, kuma babu wanda ya fi ɗan kasuwa sanin haka, tun da kayansa sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa kafin su hau babbar mota. Amma ƙasar Matamaye tana da gaɓa irin tata, wato bakin Korama, kwarin nan da ruwa ke kwana a cikinsa tafki-tafki har tsakiyar rani. Mota ba ta bin wannan gaɓa sai a wurare kaɗan. Mai son ganinta da kyau, babur ne abin hawansa.

Wani malamin makaranta mai ritaya a Dawce ya yi wannan zagaye a kan Honda CG 125, irin wanda kamfanin ya fara fitowa da shi a 1975, mai injin da aka ƙera domin ƙasashen da ba a cika kai abin hawa garaji a kan kari ba. Irin waɗannan babura sun fara shiga halin ni-ƴasu bayan karya darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kayan gyara suka yi tsada, sannan baburan ƙasar Sin masu araha suka zo suka ƙarasa tura su bayan ɗaki. Wannan ma ya daɗe kaji suna kwana a kansa. Sai da makanike ya kwance injin ƙusa-ƙusa, aka nemo wasu kayan daga Damagaram, wasu daga Kano, baduku ya sake wa sirdin fata, kana ya tashi.

An bar Dawce bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu. Hanyar rairayi tana da dokokinta: a rage iskar taya, a zauna a giya ta biyu, kada a taɓa birkin gaba. Dama da hagu gonakin gero ne da aka girbe, cike da itatuwan gawo. Bayan farin 1984 filayen nan sun kusa zama fako. Manoma ne da kansu suka riƙa barin tohon da ya fito a gona, suna sassabe shi suna renonsa, har binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa aikin ya kai kimanin hekta miliyan 1 a yankunan Magarya, Matamaye da Mirriya. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya hana gero rana, da rani kuwa ƴaƴansa abincin dabbobi ne.

A Matamaye ake hawa kwaltar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance. Dattawan garin suna tuna zamanin gyaɗa, da dalar buhuna da masana'antar tatsar mai, kafin farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su karya wannan ciniki. Abin da ya riƙe jama'a bayan haka shi ne fadama.

Ana sauka daga kwalta a nufi Dungu, sai ƙasa ta canza kama. Tudun rairayi ya gangara, iska ta yi sanyi, ga rake ya fi mutum tsawo, ga albasa da kabeji da tumatir da rogo, ga mangwaro da goruba a gefe. Ruwa a kusa yake, rijiya ba ta da zurfi. A nan babur yakan bi turbar amalanke, wani wuri taɓo, wani wuri kwazazzabon da ruwan damina ya yanka, sai mahayi ya sauka ya tura. Daga waɗannan lambuna raken da ake sha a Damagaram yake fitowa. Sai dai duk kwazazzabon da ya tsayar da babur, shi ne ke kwaso rairayin tudu yana zubawa a tafki, kowace damina bakin ruwa yana ja da baya. Inda babbar mota ba ta isa ba kuwa, dillali ne ke yanka wa manomi farashi.

Zangon ƙarshe shi ne Ɗan Barto, kudu da Matamaye, inda ake tsallakawa zuwa Kwangwalam da Daura. Turawan Faransa da na Ingila ne suka shata wannan iyaka tsakanin 1906 da 1908, ta raba dangi da kasuwanni. An rufe ta a 2019, aka sake rufe ta a 2023, kuma a duka lokutan mai lambu da mai sayar da fetur a kwalba sun ji a jikinsu. Tsohon babur ba ya wuce shingen jandarma da ƴan duwan sai da cikakkun takardu, domin shekaru ba sa zama shaida.

Babur ya samu makaniken da ya zauna a kansa, gona ta samu manomin da ya reni gawonta. Gaɓar Korama ce ke jiran nata. Datse kwazazzabai da kafe tudun rairayi da gyaran turbar lambuna sun fi ƙarfin mutum ɗaya, aiki ne na magadan gari da ma'aikatan gandun daji da na noma, tare da ƴan kasuwar da ke cin ribar rake.