Ɗan Gajeren Hutu a Kuala Lumpur

Baƙon da ya sauka Kuala Lumpur yakan fara da tagwayen benayen Petronas, masu tsayin mita 452. Hoto ɗaya ya wadatar a can.

Inda hankalinsa ke kwanciya shi ne Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 a mahaɗar kogunan Klang da Gombak, tushen garin. Daga nan sai ciki ya karɓi ragama. Da safe nasi lemak: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ga soyayyar gyaɗa, ƙananan kifi da dafaffen ƙwai, naɗe a ganyen ayaba. Yajinta kuwa zaƙi-zaƙi ne, sai harshe ya saba tukuna.

Wanda lokaci ya ƙure masa, gara ya bar manyan kantuna ya nufi rumfunan abincin Kampung Baru da daddare.